Igiyar sama tana sulalewa a jikin bishiya: masu farautar sirdi, me kuke yi?

Baban Yusra (Kolombus):
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni ga waɗanda suka riga mu shiga farautar sirdi, wato farautar barewa daga saman bishiya, mutum na jingine cikin wata ɗamarar ƙugu da ake kira sirdi, igiya na riƙe da shi. Bana na ajiye gadon ƙarfen nan da ake ratayawa a bishiya na koma sirdi, saboda dajin gwamnati nake zuwa a nan jihar Ohayo ta Amurka, kuma goya gado a baya ka yi tafiya mai nisa cikin duhu ba wasa ba ne. Komai lafiya, sai abu ɗaya: igiyar sama, wadda ke haɗa sirdin da bishiya. In na zarga ta a jikin bishiya daidai goshina na jingina, tana riƙewa gam. Da na miƙe tsaye a kan dandamali, ɗan matakin da ake kafawa a jikin bishiya, don ƙuguna ya huta, sai zargen ya saki, ya sulalo har ƙirjina. In na koma jingina sai in ji na tafi baya fiye da yadda na zata, gabana ya faɗi. Igiyar sabuwa ce, milimita 8. Me kuke yi?

Jikan Sarkin Baka:
Wa'alaikumus salam. Ni dai ina da tambaya kafin a ba ka amsa. Wai me ya yi zafi mutum da girmansa zai rataye kansa a bishiya saboda barewa? Kakanninmu a ƙasa suka yi farautarsu, da sanɗa da karnuka, kuma nama bai yanke a gida ba.

Kawu na Mishigan:
Jikan Sarkin Baka, barewar nan mai farar wutsiya hancinta ya fi idonta aiki. A ƙasa warinka yana bin iska ya riga ka isa. In ka hau kamar ƙafa 20, warin yakan wuce ta samanta, kuma ba ta cika ɗaga kai ba. Da kwari da baka kuwa sai ta matso kusa sosai kafin ka iya harbi. Shi ya sa ake hawa.

Baban Yusra, ɗana, kafin kowa ya ba ka magani sai mun san wace cuta ce. Zamewa iri biyu ce, kuma mutane suna haɗa su. Akwai zargen da ke wuyan bishiya ya sulalo ƙasa in ka ɗauke nauyinka. Akwai kuma ƙullin da ke riƙe karabinarka, maƙalar ƙarfen nan mai ƙofa, ya riƙa jan jiki a jikin igiyar alhali kana jingine. Daga bayaninka ta farko ce ke damunka. Amma faɗa min: da me kake daidaita tsawon igiyar, ƙullin Prusik, wato siririyar igiyar da ake naɗawa a kan babbar tana cizonta in an ja, ko ƙarfe? Kuma wace bishiya ce?

Baban Yusra (Kolombus):
Allah ya ƙara girma Kawu. Prusik ne, wanda ya zo tare da igiyar. Shi ma wani lokaci nakan ji yana ɗan motsi. Bishiyar kuma wannan mai toka-tokan ɓawo ce mai sulɓi, wadda suke kira bic. Ita ce a daidai inda hanyoyin barewa biyu suka haɗu.

Kawu na Mishigan:
To ai kai duka biyun ka haɗa. Mu fara da ta wuyan bishiya.

Zarge ba ƙulli ba ne. Irin wanda ake yi wa akuya a turke ne: in ta ja ya matse, in ta dawo ya saki. Nauyinka ne kaɗai ke riƙe da shi. A jikin oak mai kaushin ɓawo, ko ka ɗauke nauyi zargen yana samun inda zai maƙale. A jikin bic da asfen babu abin kamawa. Sannan sabuwar igiya tana da tauri, tana so ta miƙe, sai ta buɗe zargen da kanta.

Abin da nake fara yi ba ya buƙatar sayen komai. Tun ina ƙasa nake duban bishiyar in ga inda reshe yake, ko guntun reshen da ya karye, ko wani kumburi. Sai in auna in kafa dandamali yadda wurin zai faɗo daidai kaina ko sama kaɗan, in zarga igiyar a samansa. Ba reshen ne zai ɗauki nauyina ba, jikin bishiyar ne. Aikin reshen kawai ya tare zargen. Wato ba inda tsani ya ƙare ne ke faɗa min inda zan tsaya ba, inda igiya za ta zauna ne.

Sai kuma idon igiyar, wanda kake zura ɗaya bakin a ciki. Kada ka bar shi yana kallon fuskarka. Juya shi gefe, yadda igiyar in ta fito daga idon sai ta lanƙwaso baya kafin ta iso gare ka. A haka tana shaƙe bishiyar da kyau. Ka fizge ta da hannu sau biyu ta zauna, sannan ka jingina.

Ɗan Damagaram (Girinsboro):
Ni kam nawa magani mai araha ne, kar ku yi dariya. Robar dandaƙa. Ƴan ƙananan zobban roban nan kore da ake sa wa ƴan raguna da ƴan awaki, ana sayar da su cikin leda a shagon kayan manoma. Ka zura ɗaya ko biyu a jikin igiyar. In ka yi zarge ka matse, sai ka turo robar ta dafe da idon. Ba ta barin igiya ta koma baya, shi ke nan zargen ba ya buɗewa. A wajen wani Bature da muke aiki tare na gani. Zura ta da wuya ranar farko, sai ka samu almakashin da ake buɗa ta da shi, amma daga nan ba ka sake cire ta.

Jikan Sarkin Baka:
Innalillahi. Wato ranka gaba ɗaya ka danƙa wa robar dandaƙar bunsuru. Allah ya kyauta.

Ɗan Damagaram (Girinsboro):
Haba Malam, ba ita ke ɗauke da ni ba. Ko ta tsinke, in ina jingine zarge yana nan. Aikinta sai lokacin da na miƙe.

Baban Yusra (Kolombus):
Na ga wasu suna amfani da wayar nan mai rigar roba, Gear Tie na Nite Ize. Ita fa?

Kawu na Mishigan:
Aikinsu ɗaya. Ka murɗa ta a jikin igiyar daf da idon, ko ka haɗe igiyar da idon ka murɗe su tare. Ta fi robar Ɗan Damagaram sauƙin sarrafawa in kana sanye da safar hannu cikin sanyi. Robar kuma rana da sanyi suna busar da ita, sai ka riƙa dubawa. Wasu ƴar igiyar roba suke ɗaurawa su zagaye bishiyar da ita. Duk wanda ya yi maka, yi. Amma ka riƙe abin da Ɗan Damagaram ya faɗa: babu ɗayansu da ke ɗaukar nauyi.

Injiniya Mai Hawa Eriya (Kaduna):
Salam. Ni ban taɓa farautar barewa a Amurka ba, amma abincina a sama yake, eriyar sadarwa nake hawa. Ku yi haƙuri in tsoma baki, don na ga ana ta maganar yadda za a hana zarge sauka, ba a faɗi dalilin da ya sa saukarsa ke da haɗari ba.

Igiyar da kuke amfani da ita ba ta talewa. Ba irin ta masu hawan dutse ba ce da ke ɗan talewa ta shanye faɗuwa. Sirdin ma na jingina ne, ba na tare faɗuwa ba. To in zarge ya sauko daga goshi zuwa ƙirji, igiya ta yi rara. In ƙafarka ta zame daga dandamali a wannan lokacin, za ka faɗa cikin rarar nan kafin igiya ta kama ka.

Ga lissafin. Mutum mai kilo 90 da kayansa, nauyinsa kusan kilonutan 0.9 ne a ma'aunin ƙarfin ja. Ya faɗo santimita 60, igiya da sirdi da naman jikinsa suka tsayar da shi cikin santimita 10. Ƙarfin da zai daki igiyar da ƙugunsa ya kai ninki bakwai na nauyinsa, wato sama da kilonutan 6. Faɗuwar da ba ta kai tsawon hannu ba ke nan. Shi ya sa hukumar kiyaye lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta ce kayan jingina a ɗaura su yadda ma'aikaci ba zai iya faɗowa fiye da ƙafa 2 ba. Kuma ko da cikakken ɗamarar jiki mai kama kafaɗa da cinya, iyakar ƙarfin da suka yarda ya daki mutum fam 1,800 ne, kusan kilonutan 8.

Don haka ni a ganina, ko ka hana zarge sauka, in kana miƙewa tsaye ka bar igiya na lilo, ba ka gyara komai ba.

Kawu na Mishigan:
Injiniya, madalla. Nan nake son zuwa ka riga ni. Baban Yusra, ka saba wa hannunka: duk lokacin da ka matso jikin bishiya, ka tura Prusik sama ya cinye rarar. Duk lokacin da za ka jingina, ka sassauto shi a hankali. In igiya na da ɗan nauyi a kanta kullum, zarge ba ya samun damar buɗewa tun farko. Ni ko a tsaye nake, gwiwata na jikin bishiya, ƙuguna na ɗan ja baya.

Baban Yusra (Kolombus):
Kawu a nan ne wahalar. Tura Prusik sai da hannu biyu, ɗaya ya riƙe wutsiyar igiya ɗaya ya tura. In baka na hannuna fa? Shi ya sa nake tunanin sayen Ropeman, ɗan ƙarfen nan mai cizon igiya da ake sawa a madadin Prusik. Kowa a bidiyo shi yake amfani da shi.

Alhaji Filadelfiya:
Saya kawai, ka huta. Ni tun da na sa Ropeman 1 ban sake waiwayar Prusik ba. Hannu ɗaya, ka ja wutsiya ya matse, ka ɗaga ɗan harshen ya saki. Ba ya daskarewa, ba ya cijewa ya ƙi motsi bayan ka daɗe a jingine. Masu tsoratar da mutane da shi yawancinsu ba su taɓa riƙe shi ba.

Injiniya Mai Hawa Eriya (Kaduna):
Alhaji, da girmamawa, igiyarka milimita nawa ce?

Alhaji Filadelfiya:
11.

Injiniya Mai Hawa Eriya (Kaduna):
To ka ga bambancin. Ropeman 1 an yi shi ne don igiya daga milimita 10 zuwa 13. Ta Baban Yusra 8 ce. In ya sa shi a kanta ya fita daga abin da masu ƙera shi suka rubuta. In lallai ƙarfe yake so a igiya 8, Kong Duck ne aka rubuta masa 8 zuwa 13.

Kuma ko a igiyar da ta dace, a san me aka saya. Waɗannan ƙarafan na hawa igiya ne. Gwajin da ake musu a Turai, EN 567, kilonutan 4 yake nema. Sama da haka harshen na iya yage rigar igiya. Ku koma lissafin da na yi a sama ku ga inda 6 ta faɗo. Prusik kuwa in aka fizge shi da ƙarfi yakan ɗan zame kafin ya kama, zamewar nan tana rage zafin dukan.

Alhaji Filadelfiya:
Injiniya, lissafinka na mutumin da ya bar rara ne. Ni hujjata ita ce da Ropeman ba na barin rara, saboda cinye ta ba ta da wuya. Mai Prusik shi ne ke ƙyuya, don sai ya ajiye baka, ya cire safar hannu, ya yi kokawa da ƙullin da ya cije. Wane ne ya fi kusa da faɗuwa: mai kayan da ya fi ƙarfi a takarda amma igiyarsa na lilo, ko mai kayan kilonutan 4 da igiyarsa ke miƙe kullum?

Injiniya Mai Hawa Eriya (Kaduna):
Maganarka tana da ƙarfi, ban ƙi ba. Amma dandamali yakan goce ba tare da sallama ba, kuma yakan goce ne daidai lokacin da mutum yake juyi. Ba kowace rara ce mutum ke yi da saninsa ba.

Kawu na Mishigan:
Ku biyun kowa na da gaskiya a gefensa, kuma wannan gardamar ta girmi zauren nan. John Eberhart, mutumin jiharmu da ake kallo a matsayin uban wannan salon, tun farkon shekarun 1980 yake ratayawa, lokacin ba wanda ya damu da abin. Daga wajen 2018 ne kamfanoni irin su Tethrd suka cika kasuwa, sababbin shiga suka yi yawa, kowa da abin da ya gani a YouTube. Ƙarafan nan daga wajen masu hawan dutse aka aro su.

Akwai hanya ta tsakiya. Ana sa wa Prusik ɗan mataimaki a ƙasansa, ƙaramin zobe ko guntun igiya da aka maƙala a karabinar. In ka ja wutsiyar igiya sama, zoben ya turo ƙullin. Hannu ɗaya ke nan, ba ƙarfe mai cizo. Wasu kuma suna barin Ropeman amma su ɗaura Prusik a samansa, su haɗa da sirdi, ya zama na ko-ta-kwana.

Yanzu ga cuta ta biyu, motsin da ka ce ƙullinka na yi. Wannan ƙullin wani mai hawan dutse ɗan Ostiriya, Karl Prusik, ya fito da shi a 1931, kuma sharaɗinsa bai canja ba: siririyar igiya a kan mai kauri. Ana so ta kai kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari na kaurin babbar. A igiya 11, mai 8 ta yi. A igiya 8, sai 6 ko 5.5. In kaurinsu ya yi kusa, ba za ta ciza ba. Duba naka. In kaurin daidai ne, ƙara naɗi: masu 3 su koma 4. Sannan ka jera naɗin, kada wani ya hau kan wani. Ƙullin da ya harɗe yana riƙewa yau, gobe ya ƙi. Kuma duk lokacin da ka motsa shi, ka matse shi da yatsu kafin ka sakar masa nauyi. Sabuwar igiya tana da sheƙi, sai ta ɗan sha aiki take kamawa sosai. Ka yi ta gwadawa a bishiyar bayan gida, ƙafarka na taɓa ƙasa.

Ɗan Damagaram (Girinsboro):
Kawu ka ƙara da ƙullin Distel. Ni shi nake ɗaurawa. Yana kamawa kamar Prusik amma ba ya cijewa haka, sakinsa da sauƙi bayan ka wuni a jingine. Sai dai yana son igiya mai ido biyu, kuma tsawonta ya zama daidai. In ta yi tsawo ƙullin yana sakwarkwacewa.

Kuma a kiyayi zaren AmSteel wurin ƙullin riƙo. Na san yana da ƙarfi kuma ba nauyi, har ana yin gadar sirdi da shi, wato igiyar da ke haɗa gefe biyu na sirdi ta gaba. Amma sulɓi gare shi, kuma kusan digiri 145 yake narkewa a ma'aunin Salsiyos. Nailan da foliyesta sai sun haura 200. In ƙulli ya zame da gudu, gogayya tana kawo zafi. Shi ya sa igiyoyin ƙulli masu kyau ake saƙa rigarsu da zaren Technora, wanda ba ya narkewa haka.

Anti Nas (Milwoki):
Sannunku da muhawara. Ni ba na hawa bishiya, amma waɗanda suka faɗo daga kanta wajenmu ake kawo su. A nan Wiskonsin in aka buɗe farautar bindiga ta kwana tara, Asabar ta ƙarshe kafin bikin Godiya a Nuwamba, sashen gaggawa ya san an buɗe. Mutane suna zaton harsashi ne babban haɗarin farauta. Faɗowa daga bishiya tana gaba-gaba, kuma abin da take karyawa ƙashin baya ne da ƙugu da diddige. Yawanci kuma ba a zaune ake faɗowa ba, wajen hawa ne ko sauka ko sauya igiya.

Don haka roƙona, ƙannena: ƙulli a ƙarshen wutsiyar igiya. Ban ga wanda ya ambace shi ba. In Prusik ko ƙarfe ya zame, shi ne zai hana ku fita ta ƙarshen igiyar gaba ɗaya. Ku ɗaura maɗaurin cinya, don in mutum ya kife kai ƙasa yana iya zarewa daga sirdi. Waya ta kasance a aljihun ƙirji, ba cikin jakar da ke rataye a reshe ba. Kuma uwargida ta san dajin da kuka shiga da lokacin da za ku fito. In mutum ya rataye ya kasa komawa dandamali, kada ya tsaya cik, ya riƙa motsa ƙafafu yana tura bishiya, saboda jini yana taruwa a ƙafa har mutum ya suma.

Kawu na Mishigan:
Allah ya saka da alheri Hajiya. Ƙullin ƙarshe wajibi ne, a bar masa wutsiya kamar tsawon tafin hannu don kada ya warware. Kuma a kan sauya igiya da kika ce: igiyar ƙugu, wadda kake zagaya bishiya da ita kana hawa, ba a kwance ta sai ka zarga ta sama, ka jingina, ka ji ta ɗauke ka gaba ɗaya. Wajen sauka ma haka, ta ƙugu ta fara shiga kafin ta sama ta fita. Ita ma ta ƙugun in ta sauko ƙasa da ƙugunka ba ta da amfani, a sama da shi ake riƙe ta.

Jikan Sarkin Baka:
To ni ga shawarar mutumin ƙauye. Ku buga ƙusa ɗaya a bayan bishiyar, zarge ya zauna a kanta. An gama. Me ya kawo robar bunsuru da lissafin kilonutan?

Kawu na Mishigan:
Dabarar ta yi, doka ce ba ta yarda ba. A Mishigan haramun ne ka buga ƙusa ko ka murɗa sukuru a bishiyar dajin gwamnati, har matakan hawa masu sukuru an hana. Jihohi da yawa haka suke. Jami'in daji ya same ka, tara ce. A gonar mutum kuwa sai da izininsa, kuma masu sayar da katako ba sa so, don ƙarfen da ya nutse a itace yana lalata zarto.

Baban Yusra (Kolombus):
Wani abokin aikina ya ce in naɗa igiyar sau biyu a jikin bishiyar kafin in zura ta a ido. Wani kuma ya ce in daina zurawa ma, in sa karabina a idon in maƙala a igiyar, ya fi sauri.

Injiniya Mai Hawa Eriya (Kaduna):
Na farko ya faɗi daidai. Naɗi biyu yana ƙara gogayya sosai, ko a bututun ƙarfe haka muke yi. Matsalar tsawo ce. Igiyoyinku yawanci ƙafa 8 ne, kusan mita 2.4. Bishiya mai faɗin santimita 20 kewayenta 63 ne, naɗi biyu ya ci mita 1.26, saura isasshe. Mai faɗin 30 kewayenta 94, naɗi biyu ya ci kusan 1.9, abin da ya rage bai isa ka jingina ba, balle ƙullin ƙarshe. Don haka dabarar siraran bishiyoyi ce, ko ka sayi igiya mai tsawo.

Na biyu kuwa, a'a. Ɗauki karabinarka ka karanta abin da aka zana a bayanta. Za ka ga lamba ashirin da wani abu a tsaye, sannan 7 ko 8 a kwance. An yi ta ne a ja ta ta tsawonta. In ka kwantar da ita a jikin bishiya mai lanƙwasa, igiya ta danne ta, kana karya ta ne ta gefen da ko gwada shi ba a yi ba, ƙofarta kuma tana gogar ɓawo. In dole sai an yi saurin cirewa, akwai zoben ƙarfe mai sukuru da ake murɗawa a rufe, ya fi jure wannan. Shi ma sai an murɗe shi har ƙarshe. Kuma ƙarfe ya fi igiya sulɓi da nauyi, don haka zargen zai fi saurin buɗewa. Kai da ke neman maganin sulalewa, ka ƙaro ta ke nan.

Alhaji Filadelfiya:
A nan kam ina tare da Injiniya. Amma ina da ja a kan maganar tsayin zarge. Kawu ya ce daidai kai ko sama. Ni daidai haɓa nake sawa, don in na ja baka igiya ba ta taɓa gwiwar hannuna, kuma harbin gefen dama ya fi min sauƙi.

Kawu na Mishigan:
Alhaji, hakan na da daɗi wajen harbi, na sani. Amma duk yadda zarge ya yi ƙasa, in ka miƙe tsaye gadar sirdinka tana matsowa kusa da shi, igiya ta kwanta, ba ta da abin da zai ja ta. In yana sama, ko ka miƙe igiyar na nan a tsaye da ɗan nauyi a kanta, kuma in ka zame faɗuwar gajera ce. Abin da ba a yi ko kaɗan shi ne mutum ya hau har gadarsa ta wuce zargen. Ga sabon shiga a bishiya mai sulɓi, ni goshi zan ce, ko sama da shi kaɗan. In hannunsa ya faɗa sai ya nemi tsayin da ya dace da jikinsa.

Alhaji Filadelfiya:
In ya yi sama da yawa kuma sirdi ya matse masa ƙugu, awa biyu ya sauko. Wanda bai zauna ba ai bai yi farauta ba.

Kawu na Mishigan:
Wannan da tsawon gada ake gyara shi, ba da sauko da zarge ba. Amma na san ba za mu daidaita a nan ba, bara ma mun yi ta.

Ɗan Damagaram (Girinsboro):
Kafin a watse. Mu nan Karolina ta Arewa itacen fayin ya yi yawa. Ɓawonsa yana riƙe zarge, har ya wuce kima, don danƙonsa yana manne wa igiya. In ya taɓa inda ƙulli ke bi, sai ƙullin ya ƙi motsi sam. Da me ake wanke shi? Wani ya ce fetur.

Injiniya Mai Hawa Eriya (Kaduna):
Kada ka kusantar da fetur ko kananzir ko bilic. Ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu mara ƙarfi, ka cuɗa da hannu, ka ɗauraye sosai, ka shanya a inuwa. Ba rana, ba injin busar da kaya. Danƙon da ya ƙi fita ka bar shi ya bushe, ka murje da yatsa. Kuma tun da ka zauna wanki, bi igiyar da yatsu daga ido har wutsiya. Inda ta shige ido tana gogar kanta, nan take fara yin gashi. In ka ji wuri ya yi laushi, ko ya yi tauri yana sheƙi alamar ya sha zafi, ko ka hango farin ciki ta rigar, ka yanka ta gunduwa-gunduwa don kada wani ya tsinta ya yi amfani da ita.

Anti Nas (Milwoki):
Ku kuma na arewa ku tuna da ƙanƙara. Igiyar da ta jiƙe jiya aka bar ta a but ɗin mota, da asuba ta zama sanda.

Kawu na Mishigan:
Ƙwarai. Namu lokacin baka 1 ga Oktoba yake buɗewa, ana cikin daɗi. Zuwa 15 ga Nuwamba da ake buɗe na bindiga, raɓa tana daskarewa a jikin ɓawo. Daskararriyar igiya ba ta lanƙwasa ta rungumi bishiya, Prusik ma ba ya cizonta. Ni cikin ɗaki nake shigo da tawa ta kwana ta bushe, da safe in cusa ta cikin riga har in isa gindin bishiya. In na tarar jikin bic ya yi gilashi da ƙanƙara, ba na hawa, oak nake nema ko da ya ɗan kauce daga hanyar barewar. Ɗan Damagaram, kai wannan ba ta cika samunka ba, ka ji da danƙonka.